Karayar da Ta Ƙi Kamawa: Shin Ganye Zai Iya Janyo Ƙwayoyin da ke Ɗinke Ƙashi?

Tambaya daga Daura: Ƙanena ya faɗi a babur ya karye a ƙwauri. Mai ɗori ya ɗora shi, yau wata biyar ke nan, amma in ya taka wurin yana motsi, yana kuma yi masa zafi. An kawo mana wani garin magani a 'yan ƙananan ledoji, wai yana ɗauke da "sitem sel" na itatuwa. Wani kuma ya ce mu nemo ɗaɗɗori mu jiƙa masa, wai bincike ya tabbatar yana janyo ƙwayoyin da ke gina ƙashi zuwa wurin karaya. Mece ce gaskiyar lamarin?

Malam, sannunku da jinya. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ce.

Bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Ƙwaurin baligi kan ɗauki wata uku zuwa huɗu kafin ya haɗe, wani lokaci ya ɗan zarce. Amma a kai wata biyar wurin yana motsi in an taka, wannan alama ce ta cewa ɗorin bai kama ba. Kafin a saya masa ko da ƙulli ɗaya na magani, a yi masa hoton ƙashi, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe, kuma hoton ya kama tun daga gwiwa har idon sawu. Ya daina taka ƙafar, ya riƙa amfani da sanduna biyu. Maganar ganye kuwa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai masu talla sun ɗauki guntun gaskiyar sun ɗinka mata babbar riga, don haka sai mun bi ta daki-daki.

Abin da 'yan talla ke kira sitem sel, mu ce masa ƙwayoyin tushe. Ƙwayoyin halitta ne da ba su riga sun zaɓi sana'a ba: ɗaya na iya zama mai gina ƙashi, ko mai yin guringuntsi, ko ta zama kitse, gwargwadon umarnin da ta samu a inda ta tsinci kanta. Wani masani a Rasha, Alexander Friedenstein, shi ya fara ware su daga ɓargo tun wajen ƙarshen shekarun 1960, sannan Arnold Caplan na Amurka ya raɗa musu sunan da aka fi sanin su da shi, wato mesenchymal stem cells, a 1991. Ba su da yawa ko kaɗan. A cikin ƙwayoyin ɓargo dubu 10 zuwa dubu 100, da ƙyar a samu guda, kuma suna raguwa da tsufa. Bayan ɓargo, akwai su a jikin wani siririn tantani da ya lulluɓe ƙashi ta waje. Duk wanda ya taɓa kankare ƙashin rago da wuƙa ya ga wannan tantanin, fari-fari, yana ɗagowa kamar leda. A wajen ɗinkin karaya shi ne uban tafiya, domin yawancin ƙwayoyin da ke yin aikin daga nan kusa suke tasowa, waɗanda jini ke kawowa daga nesa 'yan taimako ne. A yara tantanin yana da kauri da wadatar jini, shi ya sa dantsen yaro ke haɗewa cikin mako huɗu zuwa shida.

To yaya suke sanin inda aka karye? Da ƙashi ya karye, jijiyoyin jini na tsinkewa, jini ya taru ya daskare a tsakanin bakunan biyu. Wurin sai ya rasa iskar da jini ke kai masa. Wannan ƙarancin iska da kumburin kwanakin farko su ke sa ƙwayoyin wurin su fara fitar da sinadaran kira. Wanda aka fi nazari a kansa shi ne SDF-1, su kuma ƙwayoyin tushe suna da wata kafar sansano shi a jikinsu mai suna CXCR4. Sinadarin ya fi kauri a bakin karayar, yana tsinkewa in an yi nisa, sai ƙwayar ta riƙa jan jiki tana bin inda ya fi yawa, kamar mai bin ƙamshin tuyar ƙosai da safe har ya iso bakin kasko. A 2009 masu bincike a Jami'ar Kyoto ta Japan sun toshe wannan hanya a jikin ɓeraye, sai sabon ƙashin da ke fitowa ya ragu sosai. Akwai wasu masu kiran, irin su PDGF da ke fitowa daga ƙwayoyin daskarar da jini, da TGF-beta da ke ɓoye a cikin ƙashin kansa har sai an fara cinye matattun bakunan karayar.

Ka lura da abin da wannan ke nufi a aikace. Wancan daskararren jinin ba datti ba ne, shi ne masaukin farko na ƙwayoyin, kuma a cikinsa saƙon kiran yake. Duk lokacin da aka kwance ɗori bayan kwana uku-uku aka murza, aka ja, aka matse, ana wargaza masaukin ne, ana kuma tsinka sabbin jijiyoyin da suka fara tsirowa, waɗanda ba su kai kaurin gashi ba.

Isowar ƙwayoyin kuma somin-taɓi ne. Cikin mako biyu zuwa uku sukan yi wani dunƙule mai laushi na guringuntsi ya riƙe bakunan. Daga nan jijiyoyin jini su kutsa cikinsa, a riƙa cinye guringuntsin ana zuba ƙashi a madadinsa, wannan ya ɗauki makonni har zuwa wata uku ko fiye. Sassaƙe dunƙulen ya koma siffar ƙashi kuwa aikin watanni ne har shekaru. Wani likita a Siwizalan, Stephan Perren, ya bayyana dalilin da ya sa motsi ke yanke hukunci a nan. Ɗanyen nama na jure a ja shi har ya ninka tsawonsa. Guringuntsi na jure kusan kashi 10 cikin 100. Ƙashi kuwa ba ya tsirowa a inda jan ya wuce kashi 2 cikin 100. Idan tazarar da ke tsakanin bakunan milimita 5 ce, kashi 2 ɗinta bai wuce kaurin fallen takarda guda ba. 'Yar girgiza kaɗan a farko tana ma zuga dunƙulen ya girma, amma motsin da mutum ke ji da kansa in ya taka ya wuce gona da iri. A irin wannan wuri, ko ƙwayoyin tushe miliyan ka tara, abin da za su saƙa shi ne tauri irin na jijiya, ba ƙashi ba.

Yanzu mu zo ga ganye.

Ɗaɗɗori, wanda masana tsirrai ke kira Cissus quadrangularis, ba baƙo ba ne a dazukanmu. Kore ne mai ruwa a jiki, karansa na da kusurwa huɗu, gaɓa-gaɓa kamar an jera ƙasusuwan yatsa, yana yaɗo a kan ƙaya da shinge. In ka karya shi ɗanye ruwan ya taɓa fata ko harshe sai ka ji ƙaiƙayi da tsikari, saboda wasu ƙananan allurai na gishirin okzalet da ke cikinsa. Abin sha'awa shi ne mutanen Indiya ma, ba tare da sun haɗu da namu ba, sun sa masa suna hadjod, ma'ana mai haɗa ƙashi. Tun shekarun 1960 Udupa da Prasad a Jami'ar Banaras suka gwada shi a kan dabbobin da aka karya, suka ba da rahoton cewa ɗinkin ya yi sauri. A 2009 wasu a Manipal, can Indiya, sun zuba abin da suka tatsa daga karansa a kan ƙwayoyin ɓargon ɓera, suka ga sun hayayyafa sun kuma fara ajiye sinadarin ƙashi. An yi 'yan gwaje-gwaje a kan mutane, galibi masu karayar muƙamuƙi, amma adadin mutanen kaɗan ne, kuma duk an riga an ɗaure musu muƙamuƙin da waya ko ƙarfe kafin a ba su maganin. Wannan gaɓar ce masu talla ba sa faɗa. Ganyen ƙari aka yi shi a kan ɗaurin, ba a madadinsa ba.

A kan batun janyo ƙwayoyin kansa, aikin da ya fi yawa daga Sin ya fito. Akwai ikariyin, sinadarin wani ganye mai suna Epimedium, wanda a kwanon gwaji aka ga yana ƙara wa ƙwayoyin tushe yawan waccan kafar CXCR4, yana kuma sa su tafiya. Akwai narinjin, daga saiwar wani tsiro da Sinawa ke kira gusuibu, wato mai gyara farfasasshen ƙashi, ana kuma samun sinadarin a ɓawon wasu nau'o'in lemo masu ɗaci. Gwaji mafi nauyi a kan mutane shi ne wanda aka wallafa a 2007: mata 100 da suka daɗe da daina al'ada, aka raba su biyu, rabi suka sha haɗin da ke da miligiram 60 na ikariyin kullum har wata 24, kuma ƙashinsu bai zaizaye kamar na sauran ba. Sakamako ne mai kyau, amma a kan zaizayar ƙashin tsufa aka yi shi. Karayar da ta ƙi kamawa wata matsala ce daban.

Ya kamata ka san yadda ake yin gwajin da ake cewa "bincike ya tabbatar", domin in ka san shi ba mai ruɗa ka. Ana shanya ganyen a inuwa, a daka, a jiƙa a barasar gwaji mai ƙarfin kashi 70 na kamar awa 72, a tace, a busar da ruwan a zafin da bai wuce digiri 40 ba don kada sinadaran su lalace. Abin da ya rage wani baƙin danƙo ne ɗan kaɗan. Sai a narka shi a sake tacewa da matacin da ƙwayar cuta ba ta iya ratsawa. Daga nan a ɗauko wani ɗan kofi da bai kai murfin kwalba girma ba, gindinsa tantani ne mai ramuka, kowane rami faɗinsa maikuromita 8, wato ya fi ƙwayar ƙanƙanta, sai ta matse jikinta kafin ta wuce. A zuba ƙwayoyin tushe a cikin kofin, a tsoma shi a wani ramin da ke ɗauke da ruwan ganyen, a ajiye a zafin jikin mutum, digiri 37, na awa 12 zuwa 24. Bayan nan a goge waɗanda suka rage a sama da auduga, a rina waɗanda suka ratsa da shuɗin rini, a ƙirga su a madubin likita. Wata hanyar kuma, a bar ƙwayoyin su cika kwano kamar shimfiɗa, a ja layi a tsakiya da bakin tsinken roba, a riƙa ɗaukar hoto ana ganin yadda layin ke rufewa.

Wuraren da ake tuntuɓe a wannan aiki suna da yawa, kuma ina so ɗalibanmu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da sauran masu sha'awar itatuwanmu su riƙe su. Layi na iya rufewa don ƙwayoyin sun hayayyafa, ba don sun yi tafiya ba, saboda haka dole a fara dakatar da haihuwarsu da wani magani mai suna maitomaisin, ko a rage musu abinci. Ruwan ganye yakan ɗauko gubar matattun ƙwayoyin cuta daga ƙasa da hannu, gubar na ratsa mataci, kuma ita kaɗai na iya zuga ƙwayoyin su motsa, sai a yaba wa ganye aikin da ba nasa ba. Itatuwa masu ɗaci da ɗaure baki, irin su bagaruwa da marke, sinadarinsu na kama furotin, launinsu kuma na ruɗa na'urar awo. Ƙwayoyin da aka yi ta rainonsu ana sauya musu kwano fiye da sau biyar ko shida sun tsufa, ba sa nuna halinsu na gaskiya. Sannan yawa ba shi ne alheri ba: sau da dama ɗan kaɗan na zuga ƙwayoyin, in an ninka sau goma ya kashe su. Ganyen da aka tsinka da damina a fadama ma ba ƙarfinsu ɗaya da na rani a tudu ba, shi ya sa mai bincike na gaskiya ke ajiye samfurin tsiron a ma'ajiyar tsirrai ta jami'a, ya kuma auna yawan sinadarin da ke ciki. Ina da yaƙinin cewa itatuwan da masu ɗorinmu suka gada sun cancanci irin wannan aiki mai tsafta, kuma abin takaici ne a ce yawancin nazarin da ake yi musu yana tsayawa a jera sunayen sinadarai kawai.

Ko da gwajin kwano ya fita tsaf, akwai doguwar tafiya tsakanin kwano da ƙwaurin ƙanenka. A kwano sinadarin na zaune a kan ƙwayoyin dare da rana. In mutum ya sha kuwa, sai ya bi ta ciki, ƙwayoyin hanji su sauya masa siffa, hanta ta kwashe rabonta, ƙoda ta zubar da saura. Ikariyin kaɗan ne ke shiga jini a siffarsa ta asali. Gangamau ya fi muni: a wani gwaji na 1998 mutane sun sha giram 2 na sinadarinsa, abin da aka samu a jininsu da ƙyar na'ura ta gan shi. Kuma akwai wata matsala ta hankali. Ƙwaya na bin kira ne saboda ya fi ƙarfi a wuri ɗaya. Abin da aka sha yana bazuwa ko'ina a jiki daidai wa daida, ba ya nuna wata alƙibla. Iyakar abin da zai iya shi ne ya ƙara wa ƙwayoyin kaifin ji, amma kiran dole daga karayar zai fito, karayar da ta yi wata biyar kuwa kiranta ya yi sanyi. Wannan ne ya sa masu binciken yanzu suke cusa sinadarin a cikin wani soso na ƙashin roba su dasa shi a ramin karayar ta hanyar tiyata, kuma har yanzu a kan ɓeraye da zomaye ake wannan.

Shafawa fa? Fata ganuwa ce. Sinadarin da nauyinsa ya wuce 500 a ma'aunin masana da wuya ya ratsa ta, ikariyin kuwa ya kai 676, narinjin 580. Man kaɗanya da man shanu da ake shafawa suna laushin fata, suna rage ƙaiƙayi a ƙarƙashin ɗauri, wannan amfani ne na gaske, amma ba sa isa ƙashi. Masu yin tsaga don magani ya shiga kuwa suna buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, ga ƙwauri kuma ba nama a gabansa, fata ce kawai a kan ƙashi. In ƙwayar cuta ta zauna a ƙashi, ta zama cutar shekaru: rami ya buɗe yana zubar da mugunya, ya rufe, ya sake buɗewa.

Garin da ke cikin ledojin nan ba sai mun daɗe a kansa ba. Asalin wannan kasuwa daga wani nau'in tuffa na Siwizalan ne, wanda aka fara sa ƙwayoyinsa a man shafawa na kwalliya wajen 2008. Ƙwayar itace itace take zama, ba ta zama ƙashin ɗan Adam. Wadda ke cikin gari ma matacciya ce, busasshiya, in an sha ciki ya narkar da ita kamar yadda yake narkar da kowane ɗan itace. In an nuna maka lambar NAFDAC, duba ƙarshenta. Lambar da ta ƙare da harafin L na nufin an yi wa maganin gargajiyar rajistar wucin gadi bisa cewa ba a ga cutarwa a fili ba, kuma doka ta wajabta a rubuta a jikinsa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Kuɗin da za a zuba a nan gara a kashe su a hoto da gwajin jini.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa. Turawa na da nasu ganyen ɗori mai suna kwamfiri, sun daɗe suna shan sa, sai aka gano yana toshe jijiyoyin hanta, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta nemi a janye na sha daga kasuwa a 2001. Wasu haɗe-haɗen ƙashi na Sin ma an kama su da illata hanta. Wanda ya fi damuna a kasuwanninmu shi ne jiƙon da ake zuba wa dakakken dekzametazon ko firednisolon, magungunan asibiti masu danne kumburi, a ɓoye. Mara lafiya zai ji zafi ya tafi cikin kwana biyu, ya samu cin abinci, fuska ta cicciko, 'yan uwa su ce magani ya karɓe shi. A ƙarƙashi kuwa maganin na kashe ƙwayoyin gina ƙashi, yana ta da suga, yana ba ƙwayar cuta dama. Duk jiƙon da ya kumbura fuska, a ajiye shi a kai wa likita, kuma in an daɗe ana sha kada a yanke shi dare ɗaya sai da shawara.

Maganin ƙwayoyin tushe na gaskiya yana nan, kuma daga jikin mara lafiyan ake ɗebo su. A 2005 Philippe Hernigou da abokan aikinsa a wani asibiti kusa da Faris sun wallafa sakamakon mutum 60 masu karayar ƙwauri da ta ƙi kamawa, ba tare da ƙwayar cuta a ciki ba. Sun zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu, suka tace shi da injin juyawa har ƙwayoyin suka taru a ɗan ruwa kaɗan, suka yi allurarsa a tsakanin bakunan karayar. Mutum 53 sun warke. Bakwai ɗin da ba su warke ba, su ne waɗanda ƙwayoyin da aka zuba musu suka fi ƙaranci. Tsohuwar hanyar da aka fi yi a asibitocinmu ita ce dashe, wato a ɗebo ɓarɓashin ƙashi mai soso daga ƙugun a cusa a wurin, domin yana zuwa da komai a haɗe: ƙwayoyin, da sinadaran kira, da abin da za su hau su yi gini.

Hoton da na ce a yi shi zai nuna wanne ƙanenka ke buƙata. Idan bakunan sun yi faɗi sun baje, abin da likitoci ke kwatantawa da tafin ƙafar giwa, da baƙin layi a tsakani, to ƙwayoyin sun zo sun yi aiki, motsi ne ya hana su gamawa. Wannan ba ya neman ganye ko dashe, a sa masa ƙarfe a cikin ramin ɓargo ko faranti da kusoshi ya tsaya cak, sai ya haɗe. Daga bayanin da ka yi, in saurayi ne mai jini a jika da ya fara takawa da wuri, wannan ne na fi zato. Idan kuwa bakunan sun tsuke sun yi tsini kamar fensir, babu dunƙule, to jini ne ya gaza, sai an kankare bakunan an yi dashe tare da ƙarfen. Idan akwai rami mai mugunya, ko an taɓa samun rauni a wurin ranar haɗarin, to sai an fara yaƙar ƙwayar cutar, a cire mataccen ƙashi, galibi a riƙe ƙafar da ƙarafan waje. Shi ya sa za a nemi gwajin jini na ESR da CRP, masu nuna ko akwai kumburi a jiki, da na suga, da na sikila in ba a san rukuninsa ba. Akwai likitocin ƙashi a Asibitin Janar Amadi Rimi da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Na san abin da ke hana mutane zuwa: kuɗi, da tsoron nan na "asibiti yanke ƙafa suke yi". Karayar da ta ƙi kamawa a ƙafar da jini ke gudana gyara ta ake yi, ba yankewa ba. Yankewa yawanci na biyo bayan ruɓa ne, ruɓa kuma na zuwa daga ɗaurin da ya matse a kwanakin farko lokacin da gaɓa ke kumbura. Wannan ya kamata kowane gida ya sani. Yaro ya karye a gwiwar hannu, an jera kara an ɗaure tamau, da dare yana ta kuka ba ya lallasuwa, yatsunsa sun kumbura sun yi sheƙi, in ka miƙar da ɗaya sai ya ƙwalla ƙara, daga baya ya ce ba ya jin su. Kada a ce masa ya yi haƙuri ɗori ne ke kamawa. A kwance ɗaurin nan take har fata, a nufi asibiti a daren, domin naman da jini ya yanke masa na fara mutuwa cikin awa 6 zuwa 8. Masu ɗori na ƙwarai, waɗanda suka gaji sana'ar da amana, suna samun nasara a rufaffiyar karayar da ba ta goce ba, kuma sirrin nasarar shi ne karan da ya hana motsi. Irinsu ne za ka ji sun ce wannan ba tamu ba ce: wadda ƙashi ya huda fata, da ta cikin gaɓa, da ta wuyan cinya, da ta gadon baya.

Abin da za ku iya yi masa a gida ba kaɗan ba ne. Baligi na buƙatar kalsiyam kusan miligiram 1,000 a rana, kofi guda na nono ko madara na ba da wajen 300. Tuwon dawa da gero ba su da shi sosai, dusarsu ma na rage shigarsa jiki. Wani nazari da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe sun fi samun sauƙi da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai, domin rana muna da ita, abincin ne ya gaza. Sai a dage da fura da nono, miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan kifin da ake ci har ƙaya. Ƙashi kuma ba alli ba ne zalla, a kan zaren furotin ake gina shi, don haka mai kilo 60 ya samu giram 60 zuwa 75 a rana daga wake, awara, gyaɗa, nama da ƙwai, kowane ƙwai na da kusan giram 6. Goba da lemo da tumatir na ba da bitamin C da ake saƙa zaren da shi. Farfesun ƙafar sa yana da daɗi yana kuma ba da furotin, amma kalsiyam ɗin da ke narkewa a romonsa kaɗan ne. In yana shan taba ko shisha ya bari gaba ɗaya, domin suna tsuke ƙananan jijiyoyin da aikin ya dogara a kansu, kuma a ƙwauri illar ta fi bayyana. Haɗin maganin zafi na kemis, dikulofinak da firoksikam, da ake sha wata da watanni shi ma a dakatar, yana danne kumburin da ke ta da kiran, ga gyambon ciki da ciwon ƙoda. Farasitamol ya fi dacewa kafin ya ga likita.

Ɗaɗɗori kuwa, in zuciyarku ta kwanta da shi, sai bayan an tsayar da ƙashin, kuma da sanin likitan. Kada a sha shi ɗanye saboda alluran nan, kada a ba mai ciki ko mai ciwon ƙoda, mai shan maganin suga ya riƙa awo domin yana iya ƙara saukar da shi. Duk wani jiƙo a dakatar da shi mako biyu kafin tiyata.

Ranar da za ku tafi, ku riƙe tsohon hoto in an taɓa yi, da ledar garin, da kwalbar duk abin da ya sha. Ku faɗa wa likita ranar haɗarin, ko fata ta fashe a lokacin, sau nawa aka kwance ɗorin aka sake, ko an yi tsaga, da makon da ya fara takawa. Kada ku ɓoye zuwa wurin mai ɗori don jin nauyi, da wannan bayanin ne zai san ko ya nemi ƙwayar cuta kafin ya sa ƙarfe.